Yadda Ake Sabunta Wayar Tsohuwar Fitila, da Abin Dubawa Kafin a Taɓa Wayar Gida

Jikin fitilar tebur ko ta tsaye ba ya saurin tsufa. Ko ta tagulla ce, ko ta katako, ko ta tangaran, sai ta yi shekara hamsin tana nan garau. Abin da ke lalacewa shi ne wayar da ke cikinta. Zafin ƙwai yana busar da rigar wayar a hankali, musamman can sama kusa da mazaunin ƙwai, har ta kai da an lanƙwasa ta sai ta dare ta zube gari-gari. Duk da haka fitilar ba za ta daina kamawa ba, kuma a nan mutane ke ruɗuwa. Kamawar ƙwai ba ta nuna cewa an haɗa waya daidai. Fitila tana iya haske tar alhali jikinta na ƙarfe yana ɗauke da volt 230, yana jiran hannun da zai taɓa shi.

Ka zare fulogi daga bango, ka ɗauki wayar ka lanƙwasa ta tsakanin yatsunka a wurare uku: bakin fulogi, inda ta shiga gindin fitila, da kusa da mazaunin ƙwai. In ta yi tauri kamar kara, ko ta tsattsage, ko tana danƙo a hannu, ko kuma irin ta dā ce mai roba da saƙar zare a waje, to a sauya ta gaba ɗaya. Ba a yi wa wayar fitila faci da salatef. Bayan 'yan watanni zafi zai saki gam ɗinsa ya warware.

Kayan aiki

Za ka buƙaci sabuwar waya mai laushi, wadda cikinta silin jan ƙarfe ne da yawa, mai kaurin 0.75 mm². Tana ɗaukar kimanin amp 6, alhali ƙwai mai wat 60 a kan volt 230 kusan rubu'in amp kawai yake ja. A ƙasashen da ke kan volt 120, irin su Amurka da Kanada, makwafinta ita ce mai lamba 18 AWG. Tsawonta kuwa ka auna tsayin fitilar, ka ƙara mita biyu na zuwa bango, ka ƙara santimita 15 na kuskure.

Mai layi biyu za ka saya ko mai uku? Jikin fitilar ne zai gaya maka. In akwai ƙarfen da hannu ke iya taɓawa, ko gindi, ko sanda, ko mazaunin ƙwai na tagulla, mai layi uku ce, domin ta uku ita ce wayar at da ke kai wuta ƙasa in an sami matsala. Mai layi biyu ta dace ne da fitilar da ba ta da ƙarfe a fili, ko wadda aka ƙera da rufi ninki biyu, wadda za ka ga alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikinta. Tsoffin fitilun ƙarfe da yawa an yi su ne da layi biyu tun kafin a tsananta doka. Kada ka kwaikwayi abin da ka tarar.

Sai sabuwar holda, wato mazaunin ƙwai, irin wadda ka cire: E27 ko ƙaramarta E14 masu murɗawa, E26 a ƙasashen volt 120, ko B22 mai kunnuwa biyu da ake dannawa a juya. Sai fulogi, da makunni in na kan waya ne, da zoben roba na bakin rami, da sukudireba mai rufaffen hannu, da filaya, da abin fere waya, da multimita, wato na'urar auna lantarki. Multimitar nan ba ta cikin abin da za a ce "a bari sai wani lokaci". In babu ita, a dakata da aikin.

Kwancewa

Cire ƙwai da hular fitila. Kafin ka kwance komai, ka ɗauki hoton yadda wayoyin suka shiga, musamman in fitilar mai ƙwai biyu ko uku ce. A gindi yawanci akwai ƙyalle ko faranti da aka manne. Ka ɓamɓare shi a hankali da bakin wuƙa, za ka ga noti da ya riƙe bututun da waya ke bi. Bututun nan mai zare ne, faɗinsa kimanin milimita 10. Kada ka kwance notin nan sai dole, domin a fitilu da yawa shi kaɗai ke riƙe da duk sassan jiki, kana sake shi komai zai wargaje.

Holdar tagulla mai murɗawa takan buɗe ne in ka matse ta da babban yatsa kusa da makunni ka ja sama. Ta roba kuwa tana da ɗan harshe a ciki da ke hana ta warwarewa, sai ka danna shi da siririn sukudireba sannan ta juya. In ka ga wani farin abu mai kama da auduga ko takarda mai gashi a naɗe da waya a cikin fitilar da ta tsufa sosai, yana iya zama asbestos. Kada ka goge shi, kada ka hura shi. Ƙurarsa tana lalata huhu. Irin wannan fitilar a bar wa masu sana'ar.

Dabarar zura sabuwar waya ita ce kada ka fizge tsohuwar tukuna. Yanke tsohon fulogi, fere bakin tsohuwar waya da na sabuwar, murɗe su tare, naɗe da salatef siriri yadda mahaɗar ba za ta fi wayar kauri ba. Sai ka ja tsohuwar daga sama kana tura sabuwar daga ƙasa. A fitila mai lanƙwasasshen wuya wannan dabara ce ke raba aikin minti biyar da na awa guda. In ta cije, ka koma baya kaɗan ka sake turawa. Ja da ƙarfi yana yage rigar sabuwar waya a cikin bututu, inda ido ba ya gani. Duk ramin ƙarfen da waya za ta ratsa, a sa masa zoben roba. Bakin ƙarfe yana cin rigar waya kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka matsar da fitila.

Haɗa holda, inda aka fi yin kuskure

A tsarin launi na Turai da ƙasashe da yawa, mai ruwan ƙasa ita ce wayar wuta, wadda masu aiki ke kira layif. Shuɗiya ita ce nutural, wadda wuta ke komawa ta cikinta. Mai ratsin kore da rawaya ita ce at. A tsohon tsarin Ingila ja ce layif, baƙa ce nutural. A Amurka kuwa baƙa ce layif, fara ce nutural, koriya ce at. Ka lura: baƙar waya a wani tsari nutural ce, a wani kuma ita ce mai kisa. Wayar fitila ta Amurka mai layi biyu ba ta da launi, sai ka shafa: gefen da ke da ƙunya-ƙunya nutural ne, mai santsi layif.

A holda mai murɗawa, layif tana zuwa ɗan harshen da ke tsakiya can ƙasa, nutural tana zuwa zagayen da ƙwai ke murɗuwa a ciki. In sukurorin masu launi ne, na ruwan tagulla na layif ne, na ruwan azurfa na nutural. Dalilin a bayyane yake: mai sauya ƙwai yatsansa yakan taɓa zagayen ƙarfen ƙwan, amma da wuya ya kai can tsakiya. In ka juya su, ƙwai zai kama lafiya lau, sai dai zagayen nan ya zama mai wuta. A holdar B22 fil biyun daidai suke, ko wacce ka sa a ko ina, amma in ta tagulla ce tana da sukuru na uku a jikinta na wayar at.

Fere rigar waje kimanin santimita 6, ka yi hattara kada wuƙa ta taɓa rigar ciki. Fere bakin kowace waya gwargwadon wurin da za ta shiga: milimita 6 zuwa 8 in rami ne da sukuru ke dannewa, kimanin 15 in naɗawa za a yi a wuyan sukuru. In sili biyu ko uku suka yanke wajen ferewa, a datse a sake. Murɗe silin su zama ɗaya, ka lanƙwasa su kamar ƙugiya, ka rataya a sukuru ta yadda hannun agogo ke juyawa. Ta haka ɗaurewa tana ƙara jawo wayar ciki. In ka naɗa ta ɗaya ɓangaren, sukurun zai riƙa tofar da ita waje. Kada sili ko ɗaya ya leƙo, kuma kada sukuru ya danne rigar waya maimakon jan ƙarfen.

Wasu suna shafa wa bakin waya dalma kafin su sa a sukuru, wai don ta yi kyau. Ba mu goyon bayan haka. Dalma tana da taushi, tana lotsawa a ƙarƙashin sukuru da tafiyar lokaci, mahaɗa ta yi sako-sako.

Kada nauyin jan waya ya zauna a kan sukurori. In holdar tana da maƙalin waya, ka ɗaure shi a kan rigar waje. In ba ta da shi kuma wayar mai layi biyu ce, a yi ƙulli a cikin hular holda: raba layukan biyu, lanƙwasa na dama ya yi zobe ta gaba, na hagu ya yi zobe ta baya, zura bakin kowanne cikin zoben ɗan'uwansa, ka ja. Ƙullin zai fi ramin girma, ko yaro ya yi tuntuɓe da waya ba za ta zare ba. Akwai kuma ɗan kwali ko roba da ke tsakanin cikin holdar tagulla da ɓawonta. Shi ke hana sukurori taɓa ƙarfe. In ya ƙone ko ya ɓace, holdar ta gama aiki.

Wayar at tana zuwa jikin ƙarfen fitila kai tsaye, da ɗan zoben ƙarfe da ake matsewa a bakinta, a ƙarƙashin noti. Ka kankare fenti ko tsatsa a wurin har ƙarfe ya fito fes.

Makunni da fulogi

Makunni yana yanke layif ne, ba nutural ba. In aka sa shi a nutural, ƙwai zai mutu in an kashe, amma wuta tana nan cikin holda. A ƙasashen da fulogi ke shiga soket ta kowace fuska, kamar Jamus, ba ka da tabbacin wacce ce layif, don haka a nemi makunni mai yanke layi biyun a tare. Wayar at ba a yanke ta da makunni ko kaɗan. Wucewa take yi ɗungurungum.

A fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, in ka buɗe murfi kana kallon cikinsa, at tana sama a doguwar ƙafa, nutural a hagu, layif a dama wajen fis, wato ɗan abin da ke ƙonewa ya yanke wuta in ta yi yawa. Ka yanke layif ta fi gajarta, at ta fi tsawo da ɗan rara, domin in aka fizgi waya, layif ta fara zarewa, at ta zama ta ƙarshe. Fis na fitila mai amp 3 ne. Sabon fulogi sau da yawa yana zuwa da mai amp 13, wanda ya fi ƙarfin wayar 0.75 mm² nesa ba kusa ba, sai a sauya. A fulogin Amurka, faffaɗar ƙafa ita ce nutural.

Gwaji kafin a sa a bango

Ba ƙwai a ciki, fulogi a hannunka. Sa multimita a ma'aunin om, wanda ke auna turjiyar da wuta ke samu a hanyarta, ka haɗa bakunanta biyu ka ga abin da take nunawa, don ka cire shi daga lissafi. Daga ƙafar layif zuwa harshen tsakiyar holda: kusan sifili in makunni yana kunne, in an kashe kuma mita ta nuna babu hanyar da wuta za ta bi. Daga ƙafar nutural zuwa zagayen holda: kusan sifili. Tsakanin layif da nutural: babu hanya. Daga kowannensu zuwa jikin ƙarfe: babu hanya, kuma ka riƙa girgiza waya kana kallon mita, domin wata taɓawar sai an motsa take bayyana. Daga ƙafar at zuwa jiki: ƙasa da rabin om, kuma ka gwada sassa daban-daban, gindi da sanda da holda, tunda fenti ko tsatsa a mahaɗa yana iya raba su.

Multimita da ɗan batir take aiki, ba ta iya gano rigar waya da ta yi rauni amma ba ta huje ba. Masu sana'a suna da na'urar da ke tura volt 500 ta auna ƙarfin rufi, kuma ba a karɓar ƙasa da megaom 1, wato om miliyan ɗaya. In fitilar mai daraja ce ko sayar da ita za a yi, a kai a yi mata wannan gwajin. Daga nan sai ƙwai. LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, ba ya kuma gasa holda da hula.

Wayar cikin bango

Fitila kana zare ta daga bango ka san ta mutu. Wayar gida ba haka take ba, sai ka tabbatar da kanka. Kashe makunnin bango bai isa ba. A rufin ɗaki, inda fitila ke rataye, sau da yawa akwai layif da ke wucewa zuwa ɗaki na gaba, wadda makunni ba ya taɓa ta. Sai an je akwatin bireka, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu in ta yi yawa, an kashe ta layin, ko babbar gaba ɗaya in ba a san wacce ba ce. A kulle akwatin, ko a manna takarda a rubuta cewa ana aiki. In gidan yana da janareta, ko inbata, ko sola, a raba su da layin su ma, domin suna iya dawo da wuta ta baya.

Sannan gwaji mai hawa uku. Gwada na'urarka ta gano wuta a soket da ka san yana da wuta. Gwada inda za ka yi aiki: layif da nutural, layif da at, nutural da at. Koma soket mai wuta ka sake gwada na'urar, kada ya zama ta mutu ne a tsakani. Tasta irin ta sukudireba mai ɗan haske ba abin dogaro ba ce a nan: haskenta ba ya ganuwa da rana, kuma in kana tsaye a kan busasshen katako tana iya ƙin kamawa alhali akwai wuta. A yi amfani da mai baki biyu.

Sauya soket da ya ƙone, ko makunni, ko wayar da fitilar rufi ke rataye da ita, aiki ne da mai natsuwa zai iya, in dokar ƙasarsa ta yarda. Ka ɗauki hoto, ka sa wa kowace waya alama kafin ka cire ta, ka mayar da ita inda makwafinta yake. A fitilar rufi ka kula da waya ɗaya: wadda ke dawowa daga makunni. Sau da yawa launin nutural gare ta, baƙa ko shuɗiya, amma layif ce. Ya kamata a ce an sa mata ɗan hannun riga ja ko ruwan ƙasa, sai dai ba kowa ke sawa ba. Wanda ya tattara duk baƙaƙe wuri ɗaya saboda launinsu ɗaya, da ya danna makunni bireka za ta faɗi da ƙara.

Ka datse bakin wayar da ya yi baƙi har ka kai jan ƙarfe mai sheƙi, ka ɗaure sukuru tam, ka ja wayar ka ji ba ta motsi. Mahaɗa mai sako-sako tana daga cikin manyan masu tayar da gobara, kuma lissafin ba wuya: in mahaɗa ta sami turjiyar rabin om, amp 10 yana bi ta cikinta, zafin wat 50 take fitarwa a wuri bai fi ƙwayar wake ba. Bireka ba za ta faɗi ba, domin a wurinta amp 10 ba laifi ba ne. Shi ya sa murɗe wayoyi biyu a naɗe da salatef a tura cikin bango ba haɗi ba ne. Kowane haɗi da mahaɗi mai sukuru ko mai maƙali ake yin sa, a cikin akwati mai murfi da za a iya buɗewa.

Bireka da fis wayar suke karewa, ba kayan da aka jona ba. Layin fitilu yawanci 1.5 mm² ne a kan bireka mai amp 6 ko 10. Layin soket 2.5 mm² a kan 16 ko 20. A Amurka 14 AWG a kan amp 15, 12 AWG a kan 20. In bireka tana yawan faɗuwa, ko kaya sun yi wa layin yawa, ko akwai inda wayoyi ke taɓa juna. Wanda ya sauya ta da babba, ko ya cusa wayar ƙarfe a mazaunin fis, ya mayar da wayar cikin bango ita ce fis ɗin, kuma ita za ta ƙone. Kafin ka huda bango ma, ka ɗauka cewa waya tana bi miƙe sama, ƙasa, ko gefe daga kowane soket da makunni.

Akwai abin da ba na gyaran kai ba ne: jan sabon layi, taɓa cikin akwatin bireka ko mita, aikin banɗaki, da kafa sandar at. A Ingila da Wales, tun 2005 doka ta ce irin waɗannan manyan ayyuka sai an sanar da hukuma ko mai rajista ya yi su. A Ostireliya kusan duk aikin wayar bango sai mai lasisi. Haka nan in ka buɗe soket ka ga waya mai rigar roba da ke marmashewa, ko ta alminiyom irin wadda aka sa a gidajen Amurka da yawa tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da farkon shekarun 1970, ka rufe ka kira ma'aikaci. Alminiyom ba a haɗa shi da jan ƙarfe kai tsaye, sai da mahaɗi na musamman. Sauran alamun kiran ma'aikaci: warin ƙonanniyar roba ko wani ƙarni kamar na kifi kusa da soket, murfin makunni mai ɗumi, ƙarar cir-cir a bango, fitilu su dushe wasu su ƙara haske in an kunna babban kaya, ko famfo da firji su riƙa ɗan jan mutum.

In wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi. Kashe bireka ko zare fulogi. In ba hali, ture shi da busasshen katako kana tsaye a busasshen wuri, a kira masu agajin gaggawa, a kuma kai shi asibiti ko da ya miƙe yana cewa ba komai, domin bugun zuciya yana iya rikicewa daga baya. Gobarar lantarki ba a zuba mata ruwa matuƙar ba a yanke wutar ba. Abin kashe gobara mai gari ko mai iskar CO2 ake amfani da shi.

Bireka ta yau da kullum ba ta ganin wutar da ke bi ta jikin mutum, tunda abin da ke tsayar da zuciya bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba. Mai ganin wannan ita ce mai gano yoyon wuta, wadda ake rubuta RCD a jikinta, a Amurka kuma GFCI. Tana kwatanta abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, in bambancin ya kai miliamp 30, wato kashi 30 cikin dubu na amp ɗaya, sai ta yanke nan take. Ta Amurka tun a kimanin miliamp 5 take faɗuwa. In akwatin gidanka ba shi da ita, akwai ƙarama da ake jonawa a soket, kuma ta cikinta ya kamata ka fara kunna fitilar da ka gyara. Tana da maɓallin gwaji a jikinta. Danna shi kafin ka jona fitilar. In ba ta faɗi ba, a sauya ta.